Ɗakin da Ta Kasa Buɗewa

A wani gidan shayi a Cape Town, wata mata na zaune ita kaɗai, baƙar riga, baƙin farce, idanu jawur. Tana jera katunan duba a tebur kamar mai zanen gini. Wai gidan fatalwa na wani fim take kwaikwaya, kowane kati ɗaki ne, kowane ɗaki tambaya ce da take yi wa kanta. Duk ta buɗe, saura ɗaya.

Bakina ba ya azumi. "Ƙanwata, buɗe wancan mana! Ko fatalwar na wanka ne?"

"Kawu, ƙyale ni. Wannan ɗakin sunansa, me ya hana ni zuwa jana'izar mahaifiyata."

Yatsarta na kan katin, shayinta na hucewa. Ni sarkin surutu, sai na tura mata gwangwanin sukari, kamar zai yi magani.