Mai Ɗaga wa Pi-yun Lema

Ou Te-wang direban bas ne a tsibirin Penghu har ya ajiye aiki, kuma duk da teku ta kewaye garinsu, bai taɓa iya iyo ba. Matarsa Pi-yun kuwa, sai da 'ya'ya suka watse birni sannan ta kamu da son wasan lema, wanda ake ɗaura ƙatuwar lema a ƙugu, a hau allo, iska ta ja mutum bisa ruwa. Ya yi faɗa, ya yi fushi, har abinci ya ƙaurace wa. Da ya ga ba bari za ta yi ba, sai ya soma bin ta bakin teku.

Iskar arewa ta lokacin sanyi ba ta da alkawari, don haka ya ɗaukar wa kansa aiki. Shi ke bin igiyoyi da yatsa ko wata ta fara cinyewa, shi ke gwada ƙugiyar da ake ja a saki lema, shi ke ɗaga mata lemar. Sharaɗinsa ɗaya ne, in ya kaɗa jar rigarsa ta fito, komai daɗin wasa. Takan ce ya fi ɗan sanda takura.

Wata rana da hantsi ya ji iska a ƙeyarsa, ta juya tana turawa cikin teku. Ya kaɗa riga, Pi-yun ta juyo, amma iskar ta riga ta. Ta fizgi lemar, ta maka Pi-yun a ruwa, ta yi ta jan ta. Yana kallo ta ja ƙugiya ta saki lemar ɗungurungum, ta kwanta bisa allo tana tuƙi da hannu.

Ya kira masunta, suka fita da jirgi. Ko da suka dawo da ita, sai suka tarar da shi tsaye cikin ruwa har ƙirji, da takalmansa.

Haƙoranta na kaɗawa ta ce, "Tsoho, me ka shigo yi? So kake a ceci mutum biyu?"

Ya riƙe wuyan hannunta har mota.

Shi mura ta kwantar, ba ita ba. Ta yi ta dafa masa faten shinkafa da kifi, tana jiran ya hana ta teku. Ranar da ya miƙe, sai ta ji yana tambayar maƙwabci inda ake samun ƙaramar lema, irin wadda ba ta fin ƙarfin mutum.