Kakar Da Na Auna Bakaksil Da Takanɗa

Ko tsufa zai cinye mini hankali, ba na jin zan manta da kakar da na auna ƙafar bayan motata da takanɗa. Yanzu in na tuna dariya nake yi ni kaɗai, amma a lokacin kuka ne kawai ban yi ba.

Ina da wata tsohuwar a-kori-kura da na gada a wurin mahaifina, ta girme ni nesa ba kusa ba. A wani ƙauye nake kusa da Kebbe, kuma a shekarar surukina ya samu dawa sosai a gonarsa ta bakin daji. An riga an yi shela cewa ranar Asabar za a saki shanu su shiga gonaki cin kara, wanda bai kwashe amfaninsa ba ya kuka da kansa. Dattijon ya so ya nemi masu jakuna tun da wuri, ni kuwa da rawar kaina na hana shi. Na bugi ƙirji na ce ai yana da suruki mai mota, sawu uku an gama.

Ranar Talata bakaksil ya karye, wato dogon ƙarfen nan da ke riƙe da tayoyin baya. Makanikin garinmu ya ce sai dai a samo wani a Tambuwal, kuma in tafi da tsohon a gwada, domin motocin nan a fuska kawai suke kama, wani samfurin ƙafarsa ta fi ta wani faɗi. Na ce haba, wa zai ɗora wannan uban ƙarfe a babur a hanyar Kebbe? Na sari takanɗa miƙaƙƙiya a bayan gida, na gwada ta daga mazaunin taya zuwa mazaunin taya, na datse ta daidai. Wai ni nan na yi dabara.

Taubashina na goya a baya ya riƙe mini awon. Wannan bawan Allah ko a zaman makoki bakinsa ba ya hutawa. Ina fama da ramuka da yashi, ina jin ƙurus-ƙurus a bayan kunnena, na ɗauka goro yake ci.

A Tambuwal mai sayar da tsofaffin kayan mota ya shimfiɗa mana bakaksil biyu a ƙasa, dogo da gajere. Na ɗora takanɗa, ta hau kan gajeren cif-cif. Mutumin ya girgiza kai.

"Malam, irin motar da kac ce, dogon shi an nata. Wanga na ƙaramin samfuri na, tayoyinka za su matse."

Na ce masa da hannuna na auna, ko ya fi ni sanin motar ubana? Ya ce Allah ya ba da sa'a. Taubashina yana gefe yana ta kallon sama. Muka ɗora ƙarfen a motar 'yan kasuwa, abin da ya kamata in yi da tsohon tun farko.

Bai iso ba sai Jumma'a. Makaniki na ganinsa ya riƙe baki, domin mazaunin sifirin, ƙarafan da ke ɗaukar nauyin mota, bai hau ba ko kaɗan. Lokacin komawa ya wuce, don haka na matsa masa lamba, aka kira mai walda ya yanka ya matsar. Da aka sa tayoyi suka shige can ciki, mota ta tsuke ƙafafu kamar mai jin fitsari. Amma ta tashi, ta kuma yi tafiya, na ce to ina masu surutu?

Asabar da asuba muka loda dammunan dawa har sama, surukina ya zauna gaba kusa da ni. Nauyi na danne ta tayoyin suka fara gugar ƙarfe. Sai kuka, sai warin roba, sai hayaƙi. Dattijon ya tambaya ko lafiya, na ce haka take yi in ta ji daɗin aiki. Ban rufe baki ba tayar dama ta fashe, ta hagu ta bi ta, muka zauna daɓas a tsakiyar gona.

Da hantsi shanu suka ɓullo. Na haye kan lodi ina kora da hula, surukina da girmansa yana kaɗa babbar riga, na kori wannan waccan ta ja dami. A cikin wannan hargitsi taubashina, da ya zo taya mu lodi, ya matso ya ce ƙishirwa ce ta dame shi a hanyar Tambuwal, shi ya sa ya taɓa takanɗar awon.

"Gaɓa guda tak nis sha, kuma na gyara bakin da wuƙa. Wa ad da laifi, ni ko wanda ya auna mota da abinci?"

Wallahi da ba don surukina na wurin ba, da shanun sun ga dambe. Maƙwabta suka kawo jakuna da amalanke aka ceci mafi yawan dawar, amma dammunan da ke ƙasa an yi musu ɓarna. Kunya ta hana ni ɗaga ido. Na so dattijon ya yi mini faɗa ko na samu sauƙi, bai yi ba. Ya kakkaɓe rigarsa ya dafa kafaɗata.

"Ɗana, ka yi ƙoƙari. Baɗi in Allah ya kai mu, ka taimake ni kar ka taimake ni."

Maganar nan ta fi mari zafi. Mutum biyu masu sanin aikinsu suka gargaɗe ni, na fi su baki, wani kuma ya biya da guminsa na damina guda. Tun daga ranar, in mai sana'a ya ce mini abu bai yi daidai ba, nakan haɗiye wayona in saurara.