Abin da Na Gani a Kunnen Farin Zomo

Taubashina ɗan kawuna ne, wata huɗu kawai ya ba ni. Tun muna yawo ba wando yake ɓoye mini takalmi ina zubar masa da fura, kuma har muka yi furfura ban taɓa ce masa ina kwana ba. A zauren gidana nake ɗinki. In ya shigo, sallamarsa ita ce ya fizge hulata ya ɗora a kansa, ni kuma in tambaye shi ko har yanzu matarsa ba ta gaji da ciyar da rago ba. A Illela kowa ya san ba a fushi da taubashi, ko me ya yi maka.

Zomaye shida nake kiwo a bayan gida, amma ɗaya ce tawa ta gaske. Wata 'yar toka ce da na samo a Amarawa tun tana cika tafin hannu. Ba ta zaman keji. Da na zauna kan keken ɗinki za ta zo ta kwanta kusa da ƙafata, ƙarar keken ba ta damunta, in na daɗe ban kula ta ba ta ja bakin wandona. Mutane suna dariya, wai dattijo da renon nama. Ni dai ban taɓa kallonta na tuna tukunya ba.

Bara da damina na so ta haihu, ba ni da namiji mai kyau. Al'adar masu kiwo a nan, mai namiji ya ba da aro, in an haihu shi zai fara zaɓen ɗa guda. Taubashina yana da wani ƙaton fari da ya sayo a Ƙonni, kuma ya daɗe yana kwaɗayin irin 'yar toka. Da kansa ya kawo shi cikin kwali. Na lura kunnuwan suna sheƙi, suna warin man gyaɗa. Har na kai hannu zan buɗe ɗaya, sai na janye. Ɗan'uwa ya kawo maka abu, ka tsaya bincike a gabansa, ai ka kira shi macuci ke nan. Na ce masa zomon ya fi mai shi kyan gani, muka yi dariya. Kwana uku farin ya yi a gidana.

Bayan kamar mako biyu 'yar toka ta fara kaɗa kai tana susar kunne da ƙafar baya. Ran Lahadi na sami malamin dabbobi a kara, kasuwar dabbobi, shanu sun yi masa yawa. Ya ce ƙazuwar kunne ce mai yiwuwa: in a waje ta tsaya mai ya isa, in ta shiga ciki sai allura. Fitilarsa ta duba kunne ta lalace, ya ce tunda ina kiwo gara in mallaki tawa, akwai masu araha a Sakkwato. Ya ce in nemi mai farin haske, mai siririn baki da ake cirewa a wanke, mai cin batirin da ake samu a kowane tebur.

Taubashina yana kai kaya Sakkwato duk mako, don haka shi na aika. Makon farko ya ce ya manta. Na biyu ya ce shagon a rufe yake. Na uku ya zo ya fizge hulata.

"Kai, mi za ka yi da hitilar likita?" in ji shi. "Ƙura ta hwa. Ɗiga mata man gyaɗa ka huta, tela yat tashi zama dokta!"

Na yi dariya, na ci gaba da ɗiga mai. A cikin makonnin nan 'yar toka ta haifi 'ya'ya huɗu ta ƙi shayar da su, duk suka mutu. Ranar da na ga kanta ya karkace gefe guda, na rufe keke na hau motar Sakkwato.

Mai shagon kayan asibiti ya fito mini da iri uku. Akwai wadda ake jonawa da waya, ni da wayata sai kira sai tocila. Akwai ta ƙarfe mai nauyi cikin akwati, wannan ta manyan likitoci ce, ko tayawa ban yi ba. Ta ukun ta roba ce, tsawon biro, da bakuna huɗu. Na dunƙule hannu na leƙa ciki, na ga zanen tafina tar. Ban yarda ba sai da na roƙi mai shagon ya ara mini kunnensa. Ya ce shekararsa goma a wurin ba wanda ya taɓa duba shi, amma ya sunkuyo. Ita na ɗauka.

Da na dawo na naɗe 'yar toka da zane na leƙa. Ramin kunnen ya toshe da ɓawo, ga wasu fararen ɗigo-ɗigo suna motsi, can ƙasa kuma mugunya. Malamin ya yi mata allura washegari, ya ce da na zo da wuri da ba a kai haka ba.

Abin da har yau yake ba ni haushin kaina shi ne, da laifi a zuciyata na tafi gidan taubashina. Na ɗauka tawa ce ta shafa wa farinsa, na ce bari in duba masa tun da sauran lokaci. Ba ya nan, matarsa ta buɗe mini keji. Daga waje kunnen farin tas yake, yana sheƙi kamar ranar da aka kawo shi. Da na zura fitila sai ga tsohon ɓawo mai kauri ya yi baƙi, ga tabon inda aka sha kankarewa.

"Ai wanga ciwo nai tun gabanin azumi shi ke," in ji ta, tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba. "Kullum da sahe sai ya goge mai da mai. Ranad da za shi kai maka shi ma sai da yak kankare shi sarai."

Na tsaya riƙe da zomon. Sai a lokacin na gane mantuwar makon farko, da shagon da ke rufe, da dariyar tela zai zama dokta. Ba fitilar yake yi wa ba'a ba, tsoronta yake ji. Ya san abin da zan gani, ya gwammace 'yar toka ta ruɓe a hankali da in gani. Wallahi ban taɓa jin an ci amanata irin ta ranar nan ba.

Kwana biyar bayan haka 'yar toka ta mutu, tana birgima gefe guda. Ban iya sa mata wuƙa ba, na haƙa rami gindin zogale na rufe ta. Da la'asar na sami taubashina a majalisa na faɗi abin da na gani. Ya buga cinya.

"Ku ji mani tela! Zomo na hwa, ba ɗiya ba. Kuma ya bari ta yi mushe, ko cinya bai aiko man ba!"

Majalisa ta ɗauki dariya. Wani dattijo ya ce in yi haƙuri, wasan taubasai ne. Na tashi na koma gida, don a wurin nan duk wanda ya yi fushi shi ne mai laifi.

Da sati ya zagayo ya shigo zaure kamar kullum, ya fizge hulata ya tsaya yana murmushi, yana jiran zagin da ya saba. Na tsayar da keke, na miƙe, na ba shi hannu biyu.

"Barka da zuwa, Alhaji. An kwana lahiya? Yaya iyali, yaya kasuwa?"

Na jawo masa kujerar baƙi, na aika cikin gida a kawo ruwa a kofin gilashi. Ya dubi kujerar, ya dube ni. Ya cire hular a hankali ya ajiye kan keke.

"Zage ni mana," in ji shi.

Na ce Allah ya kiyaye, ni ba na zagin manya.