Ranar da Shanu Suka Jira Masu Allura

Shekara huɗu na yi ina tuƙa Hammajoda. Har yau idan na hau hanyar Zungur sai na kalli kujerar gefe.

A ruga aka haife shi, a gari ya yi karatu. Wani kamfani ya ɗauke shi ya shigar da makiyaya cikin manhajar da ke aika musu ranar allurar shanu ta waya. Masu haɗa manhajar suna Indiya, shugabar aikin, Madam Felicia, tana Turai. Ta kwamfuta muke ganinsu. Makiyaya kuwa Hammajoda suka sani, kuma don shi suka ba da lambobinsu.

Wata Laraba manhajar ta yi kuskure, ta ce gobe masu allura za su zo. Mutane suka koro shanu tun asuba, suka yini a rana ba kiwo ba ruwa. Ba wanda ya zo. A hanyar komawa saniyar Arɗo Bappa mai ciki ta faɗi, dole aka yanka ta.

Washegari a taro Madam ta ce an gyara, za a tura wa kowa saƙon ban haƙuri.

Hammajoda ya ce, "Madam, jaje da ƙafa ake zuwa. Kada a tura. Ki ba ni kwana uku."

Ta ce ƙa'idarsu a sanar cikin yini ɗaya. Aka tura.

Da muka isa ruga, Arɗo ya sa aka yi mana shimfiɗa, aka kawo kindirmo. Sai ya ɗaga wayarsa.

"Ɗana, ita ta kira mu, ita ta ba mu haƙuri. Kai kuma me ya kawo ka?"

"Jaje na zo, Baffa."

"Ai ta riga ka. Sha nononka, kai namu ne. Amma cire sunana."

Ruga goma sha bakwai muka zaga. Ko'ina Hammajoda ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ko'ina ya goge sunaye da hannunsa. Bai ɗora wa kowa laifi ba. Da muka gama ya ajiye aikin.

Yanzu a babur yake bin rugage yana sayar da maganin dabbobi. In ya ce ranar kaza allura, sukan fito.

Wanda ya gaje shi, da nake tuƙawa yanzu, ba ya sauka daga mota. Gilashi yake saukewa.