Jarkar Ruwan Teku Da Na Kawo Wa Mama

Ko shekara ɗari zan yi a duniya, ba zan manta da tsarabar da na kawo wa mahaifiyata daga Legas ba.

Lokacin ina tuƙa tirela, Mama kuma tana zaune a wurina a unguwar Trikania a Kaduna. Ciwon suga ya buɗe mata ɗan gyambo a babban yatsan ƙafa, duk bayan kwana biyu ƙanwata na ɗaukar ta a keke mai ƙafa uku zuwa asibiti a wanke mata. Wata uku ana abu ɗaya gyambo ya ƙi rufewa, ni kuwa Allah Ya yi ni da gajen haƙuri.

Wata rana muna jiran lodi, wani abokin aikina da na ba labarin ciwon Mama ya ja ni bakin teku. Na ga mutane suna ta cika jarkoki. Ya ce, "Kai direba, kana zaune ga magani kyauta? Wannan gishirin Allah ne, ba gyambon da ba ya busarwa." Ban tambayi kowa ba na cika tawa. Kwana biyar ta yi a bayan mota tana shan rana kafin mu iso Kaduna.

Mama ba ta taɓa ganin teku ba. Ta tsoma yatsa ta lasa, ta yi dariya ta ce, "Ashe da gaske ne da gishiri!" Ƙanwata ce kaɗai ta ɓata rai. Ta ce, "Yaya, nas fa ta ce kada ƙafar nan ta jiƙe." Na daka mata tsawa na ce, "Wata uku me nas ɗin ta tsinana?" Daga ranar na hana zuwa asibiti. Safe da yamma, da hannuna nake zuba ruwan a roba in tsoma ƙafar. Sugan ya riga ya kashe mata jin zafi a wurin, da ba ta yi ƙorafi ba sai muka ɗauka sauƙi ne.

A kwana na tara wari ya cika ɗakin, yatsan ya yi baƙi, zazzaɓi ya rufe ta. Muka garzaya da ita asibiti, likita ya duba ya ce, "Wa ya ce a jiƙa wannan ƙafar?" Ƙanwata ta sunkuyar da kai, ba ta tona ni ba. Ya ce ruwan teku na ɗauke da ƙwayoyin cuta, mai buɗaɗɗen ciwo ko wanka ba a so ya shiga yi. Washegari aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa, ni na sa hannu a takardar.

Da ta farfaɗo ta gan ni ina kuka, sai ta ce, "Bari, ɗana, so ne ya sa ka." Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Shekara biyu ta ƙara a duniya, a kan kujera a ƙofar ɗaki, tana jin matan zumunta suna wucewa coci da waƙa ba ta iya bin su.

Har yau baƙin cikin bai sake ni ba. Abin da na koya, na koye shi a makare: so ba ya zama ilimi. Wanda kake ƙauna, kada ka gwada abin da ba ka sani ba a jikinsa, domin saboda kai ne ba zai ce a'a ba.