Sa Hannun Baba

"Sake gwadawa, Baba," na ce, na miƙa masa biro.

Muna zaune a tsakar gidanmu na Azare, ya ɗora takardar a gwiwa. Karo na biyu ke nan masu rajistar hannun jari a Legas suna dawo mana da ita, wai sa hannun bai yi daidai da na farko ba.

Lokacin da ya yi ritaya daga ƙaramar hukumar Katagum, ni na kai kuɗin sallamarsa kasuwar hannun jari, da yardarsa. Shekarun nan ne da kowa a Kano ke sayen hannun jarin banki, har mai shayin ƙofar ofishinmu. Kuma tashi yake ta yi. Duk Juma'a in kira Baba in faɗa masa farashi, ya ce, "To, Allah Ya sa albarka."

Sai yanar ido ta rufe masa gani. Likita ya ce aiki za a yi. Baba abu ɗaya ya roƙa: a yi kafin azumi, ya samu ya karanta Alƙur'aninsa da kansa. Kuɗin na nan, har sun ƙaru, amma ba a sayarwa sai an tantance sa hannu. Na farkon kuwa, da lafiyar idonsa ya yi shi.

"Ina raye, a ce ban yi kama da kaina ba?" Dariya ya yi, ni da yayata ba mu yi ba.

Yayata ta ja ni soro. "Kai fa ka iya hannunsa. Zana musu mu huta. Kuɗinsa ne, idonsa ne."

Na ce in aka gano, duka za a riƙe. Ta ce, "Ɗan boko, tsoro dai."

Hanyar banki na bi, su shaida shi ne. Takardu suka tafi Legas suka kwanta. Azumin nan ƙanwarmu ce ta riƙa karanta masa bayan la'asar, yana gyara mata da ka. Bai taɓa yi min maganar ba.

Bayan Sallah kuɗin suka fito, da riba fiye da da. Aka yi aiki, ido ya buɗe. Yayata har yau cewa take na ci masa azumi guda.

Ku da kuke riƙe wa iyayenku dukiya, da ku ne a soron nan, za ku zana?