Yaya Ya Sabunta Mana Kwamfuta

"Yaya, manhajar gwajin jarrabawata ta ƙi buɗewa," na ce a hankali.

Jiya ya ɗauki tsohuwar kwamfutarmu a babur daga Jabo har Tambuwal, aka ɗora mata sabon tsari, wai duniya ta bar mu baya. Ni kuwa saura kwana huɗu in zauna jarrabawar shiga jami'a.

Ya danna, ya sake dannawa. Kwamfutar sai gurnani take kamar injin niƙa.

"Manhajag ga taki ta tsufa, Hauwa. Amma dubi hoton dutsin ga da suka sa bisa allon kwamfutar! Ko Sakkwato ba su da irinai."

Na duba. Gaskiya dutsen yana da kyau.

Yanzu na koma takarda da biro. Jama'a, don Allah, ana tambaya kan dutse a jarrabawar?